Ku Tambayi Bakanike: Haruffan da Ke Jikin Giyar Otomatik

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kamar an haɗa baki: kusan dukkansu a kan haruffan nan ne da ke jere a gefen sandar giyar mota otomatik. Na tsamo bakwai, na rage wa wasu tsawo. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina sauke giyabos ina mayarwa, kuma in za a tambaye ni abin da ya fi kashe giyar otomatik, ba zan ce tsufa ba. Hannu da ƙafar da suka saba da manuwal ne. Sabo turken wawa, ni ma ya taɓa ɗaure ni, za ku ji labarin in mun kai wajen.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Da manuwal na koyi tuƙi, yanzu kuma an sauya mini mota otomatik. P da R da N da D na gane su, amma a ƙasan D akwai 3 da 2 da L. Wata ƙawata ta ce in riƙa tashi da L, in dawo 2, in dawo 3, sai mota ta ɗauki gudu sannan in saka D, wai haka giya ta fi daɗewa. Mako biyu ke nan ina yin haka, hannuna har ya gaji. Gaskiya ta faɗa mini?
Daga wata malamar makaranta

Amsa: Malama, ki hutar da hannunki. Ƙawarki ta ɗauko karatun manuwal ta shiga da shi ajin da ba nasa ba. Ki saka D ki tafi, iyakar aikinki ke nan a zirga-zirgar yau da kullum. D ba giya ɗaya ba ce. Izini ne kika ba motar ta zaɓar wa kanta giyar da ta dace, daga lamba ɗaya har ta ƙarshe, ko huɗu gare ta, ko shida, ko takwas. Tana duba gudunki da irin takun da kika yi wa totur, ta hau ta sauka ba tare da ta shawarce ki ba.

Lambobin da ke ƙasa kuwa iyaka ce ake gindaya mata. In kika saka 3, ce mata kika yi ta canza yadda take so amma kada ta wuce lamba uku. In 2 ce, kada ta wuce biyu. L kuma, ta tsaya a ta ɗaya. Akwai ɗan bambanci tsakanin kamfanoni: a Honda da dama, 2 na nufin motar ta tashi da lamba biyu ta kuma zauna a kanta, abin da ke da amfani a wuri mai santsi, don taya ba za ta tsaya tana wulwulawa a banza ba. An tanadi lambobin nan ne domin doguwar gangara, hawa da kaya mai nauyi, ko jan wani abu a baya. A kan shimfiɗaɗɗen titi babu abin da za su ƙara miki sai ihun injin da shan mai.

Za ki ce to ina kuloci ya tafi? Ranar da na fara ganin cikin giyar otomatik, ubangidana ya ɗauko fanka biyu ya sa su suna kallon juna, ya kunna ɗaya ya bar ɗayar a kashe. Kafin ka ce kwabo, wadda ba a kunna ba ta fara juyawa, iskar 'yar'uwarta na tura ta. Ya sa yatsa ya tsayar da ita, waccan kuma ba ta fasa juyawa ba. Ya ce mini, to haka abin yake tsakanin injin da giya, sai dai a can mai ne a madadin iska, a cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe. Shi ya sa za ki taka birki ki tsaya cak a D injin bai mutu ba, shi ya sa kuma da kin ɗaga ƙafa motar za ta fara silalewa da kanta ko ba ki taɓa totur ba. Saboda haka kada hannunki ya taɓa sandar nan sai ƙafarki na kan birki.

Ƙafar dama nake nufi. Ta hagu ta yi ritaya, ki ajiye ta can gefe. Wanda ya fito daga manuwal, ranar da ya ruɗe ƙafarsa ta hagu kan tafi neman kuloci, ta faɗa a kan birkin otomatik mai faɗi, ta danne shi har ƙasa. Na gyara bayan motoci da dama da wannan ya sa aka dakar musu.

Wani ɗan tarihi, tunda ke malama ce. Giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a motocin Oldsmobile ƙirar 1940. Ba ta da P ma sam, sai mutum ya kashe injin ya saka ribas sannan ta kulle. R ɗin kuma tana can ƙarshen layi, maƙwabciyar L. Mutum zai jawo sanda yana neman L sai ya zarce ribas. Daga 1968 dokar Amurka ta wajabta a raba gaba da baya da N, wato firi, a tsakani, kuma jerin da kike gani a motarki yau ke nan.

Tambaya: Inda nake ajiye mota a wurin aiki gangare ne. Kullum in na zo tafiya sandar sai ta ƙi fita daga P, sai na fizge ta da ƙarfi, ta fita da wata ƙara kamar an buga guduma a ƙarƙashin motar. Birkin hannu kuwa rabona da jan sa tun da na rabu da manuwal, don an ce mini P ta wadatar. Giyar ce ta fara lalacewa?
Daga wani ma'aikacin ofis

Amsa: Ɗan'uwa, giyar ba ta lalace ba tukuna, amma kana kan hanya. Da za ka zo inda nake aiki da na nuna maka wani ɗan ƙarfe da nake ajiye da shi a aljihun tebur. Tsawonsa kamar yatsan hannu, da ɗan haƙori a baki ɗaya, haƙorin kuma a karye. P ɗin da aka ce maka ta wadatar, ita ce wannan. A cikin giyabos akwai wani faifai mai giɓi-giɓi da ke juyawa tare da tayoyi. In ka saka P, ɗan ƙarfen nan ke faɗawa cikin giɓi ɗaya ya hana faifan juyawa, kamar sakata a ƙofa. Ka lura in ka saka P ka ɗaga ƙafa, motar kan ɗan gangara kaɗan sannan ta tsaya tana rawa? Sakatar ce ke neman giɓinta. A gangare, duk nauyin da ke jan motar ƙasa a kan wannan haƙorin yake rataye. Ƙarar da kake ji da safe ko da yamma, ƙarar zare shi ce da ƙarfin tsiya alhali yana ɗauke da kaya.

Ga yadda nake koya wa masu kawo mini mota. Ka tsaya, ƙafarka na kan birki. Ka saka N, ka ja birkin hannu sosai, sannan ka sassauta ƙafa a hankali har ka ji motar ta zauna a kan birkin hannun. Ka sake taka birki, ka saka P, ka kashe. In za ka tashi kuma, taka birki, tayar da injin, fitar da sanda daga P, birkin hannu ne ƙarshen saki. Gwada gobe, za ka ji sandar ta fita kamar an shafa mata mai. In kuma ka ja birkin hannun motar ta ci gaba da gangarawa, to ka gano wata cutar: waya ce ta saki ko ta yi tsatsa saboda daɗewa ba a ja ta ba. A gyara.

Akwai abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. P ba tayoyi take kullewa ba, giya take kullewa. In ka ɗaga ɗaya daga cikin tayoyin da injin ke juyawa da jak don canza faci, ɗayar da ke ƙasa tana iya mirginawa, motar ta zame daga kan jak ɗin, ko da tana P. Duk mai canza taya ya ja birkin hannu, ya sa waigi a tayar da ke ƙasa, ko dutse ne. Kada kuma a kuskura a tura sanda P mota na tafiya. In gudun da yawa, ƙarfen zai yi ta karkarwa a kan haƙoran faifan kamar ana jan sanda a jikin kwano. In gudun kaɗan ne zai kama, kuma a nan ne yake karyewa. Wanda ke aljihun teburina haka ya zo.

Masu sababbin motoci, waɗanda giyarsu maɓalli ce ko 'yar sanda mai komawa tsakiya da kanta, ku riƙa kallon harafin da ya haska a gabanku kafin ku buɗe ƙofa. A 2016 sai da kamfanin Fiat Chrysler ya kira motoci kusan miliyan 1.1 a dawo da su gyara, ciki har da Jeep Grand Cherokee, saboda mutane na fita suna zaton sun saka P alhali ba su saka ba, mota ta gangara babu kowa a ciki.

Tambaya: Maigida, ni direba ne, doguwar tafiya nake yi. Tun ina tuƙa manuwal in na samu gangara nakan sa firi in bar mota ta gangara da kanta don in rage shan mai. Yanzu ma da otomatik haka nake, in tura N, in na sauka in mayar D. Wani abokin aikina ya ce ina kashe giya. Ni dai ban ga ta yi komai ba.
Daga wani direba

Amsa: Abokin aikinka giya ya ji wa tsoro, ni kai da fasinjojinka nake ji wa. Amma bari in fara da man, tunda shi ne ya ja ka.

A zamanin kafireto, tsohuwar na'urar da ke haɗa wa injin mai da iska, kana da ɗan gaskiya. Yanzu kuwa yawancin motoci injekta ne, kwamfuta ke raba mai. In kana gangarawa a cikin giya, ƙafarka ba ta kan totur, tayoyi ne ke juya injin, sai kwamfutar ta ga babu dalilin ba shi mai, ta rufe. Da ka tura N ka raba injin da tayoyi, dole ta ci gaba da ɗiga masa mai don ya yi silo kada ya mutu. Ka ga ke nan wurin da kake zaton kana tattali, can ne kake ƙonawa. Gaskiya ne akwai wasu sababbin motoci da kan saki giya da kansu na ɗan lokaci a kan hanya mai laushi, amma kwamfutarsu ce ke yi, kuma da ka taɓa birki ko totur ta mayar kafin ƙiftawar ido. Hannunka ba zai yi wannan saurin ba.

To ga babbar maganar. A cikin giya, injin na riƙe mota a gangara, yana taya birki aiki. A firi, birki shi kaɗai ka bari da dukan nauyin. Birki kuwa aikinsa mayar da gudu zafi ne, ba wani abu ba. In gangarar ta yi tsawo, zafin kan taru har takalmin birki ya daina kamawa, ka ji ƙaurin ƙuna, ka taka kamar ka taka katako amma mota na tafiya. In ya wuce nan man birki ya tafasa. Sabon mai nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 a ma'aunin salshiyos yake tafasa, amma wanda ya tsufa ya sha danshi kan iya tafasa a 140. Da ya tafasa, tururi ya taru a layi, ƙafarka ta tafi har ƙasa babu komai. Abin da ake cewa birki ya shanye, sau da yawa wannan ne. Allah ya kiyaye. Ba banza ba littafin dokokin hanya na Birtaniya ya ware doka guda, ta 122, yana jan kunne a kan gangarawa a firi, a wasu jihohin Amurka kuma laifi ne kai tsaye.

Abin yi kishiyar abin da kake yi ne. Tun a saman gangarar, kafin mota ta ɗauki gudu, ka rage da birki, ka sauko da sanda zuwa 3, in ta yi tsanani 2, in kuma irin mai tsayin nan ce ga kaya a baya, L. Tsofaffin direbobin manyan motoci kan ce giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Injin zai ɗaga murya, kada ka tsorata, aikinsa yake yi muddin allurar da ke nuna juyin injin ba ta shiga ja ba. Birkin kuma ka riƙa takawa da ɗan ƙarfi kana saki yana shan iska, ba ka ɗora masa ƙafa tun daga sama har ƙasa ba. Kada dai ka jawo L kana sheƙa gudu. Sababbin motoci kan ƙi karɓa, tsofaffi kuwa wasu za su yi maka biyayya, ka gwammace ba su yi ba. Masu mota mai haɗin batir da fetur irin su Toyota Prius, harafin B da kuke gani shi ne na wannan aikin.

Sannan ka tuna maƙwabciyar N ta sama R ce. Hannun da ya saba tura sanda gaba ana cikin gudu, wata rana zai zarce. Su kuma masu kashe injin ɗungurungum a gangara, ban san me zan ce musu ba. Taku biyu ko uku birki zai ba su kafin ya sandare, sitiyari ya yi nauyi, a wasu motocin in makulli ya koma ƙarshe ma ya kulle. Garin gyaran gira a rasa ido.

Tambaya: A danja ko cikin cunkoso, in bar ta a D in taka birki, ko in mayar N? Ni da mijina mun kasa daidaitawa.
Daga wata uwargida

Amsa: Hajiya, ban san ɓangaren da kika tsaya ba, don haka ba za a ce na yi son kai ba. Tsayuwar minti ɗaya ko biyu, a bar ta a D da ƙafa a kan birki. An ƙera ta don haka, kuma yawan kai-komo tsakanin N da D kowace danja shi ma aiki ne ake ɗora wa giyar. In tsayuwar ta yi tsawo, irin wadda har mutane ke fitowa suna leƙen gaba, a saka N a ja birkin hannu, ƙafa ta huta, man giya ma ya rage zafi. P kuma a bar ta sai an yi fakin na gaske. Kafin a kai gare ta sai an ratsa ta R, fitilar ribas ta haska wa na baya ya firgita, kuma in wani ya dako ki daga baya kina P, ɗan ƙarfen nan da na ba da labari a sama shi zai sha dukan.

Abin da ya kamata ku haɗu ku biyu ku daina, in kuna yi, shi ne riƙe mota a kan hawa da totur maimakon birki. Yana dafa man giya. In kuma motarku irin mai kuloci biyu ce a ciki, kamar DSG ta Volkswagen, wannan ɗabi'ar da yawan silalewa taku-taku a cunkoso kulocin suke ci kai tsaye. A bar ɗan fili ya samu a gaba, sannan a matsa gaba ɗaya.

Tambaya: Baba, batir ɗin motar mahaifina ya mutu a hanya. Muka tara mutane a tura ta ta tashi, sandar ma ta ƙi fita daga P. Daga baya wani ya zo ya danna wani abu ta fita, muka tura har muka gaji ba ta tashi ba. Ƙarshe aka ɗaura igiya aka ja ta zuwa gida. Me ya sa ba ta tashi da turi ba, kuma jan da muka yi ya yi mata illa?
Daga wani ɗalibi

Amsa: Ɗana, ka taɓo mini tsohon miki. Ina shekara ta biyu da fara koyon aiki, ubangidana ya aike ni in ɗauko wata mota otomatik da injinta ya tsaya a hanya, nisan kusan kilomita 80. Ni kuwa na ja manuwal ba adadi. Na saka ta a N, na ɗaura igiya, na ce wa na gaba ya taka don mu iso kafin duhu. Muka iso lafiya ina ta jin kaina. Washegari aka gyara injin, ƙaramin aiki ne ma, aka saka D, mota ta ce ba ta san zancen ba. Da muka kwance giyar, man ya koma baƙi yana ƙauri, wasu ƙarafan sun yi shuɗi don zafi. Ubangidana bai daka mini tsawa ba. Ya miƙo mini famfon giyar ya ce in gaya masa wa ke juya shi. Na juya shi a hannu, na duba inda yake shiga, na ce injin. Ya ce, to jiya wa ya juya shi? Wata huɗu ina aiki ana cirewa a ɗan abin da nake samu.

Amsar tambayoyinka biyu duk tana jikin famfon nan. Giyar otomatik da matsin mai take aiki: mai ke matse kulocin da ke cikinta giya ta shiga, mai ke sanyaya ta, mai ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Famfon da ke tura man kuwa injin ke juya shi. In injin a kashe yake, babu matsi, giya ba za ta shiga ba, saboda haka ko gari guda kuka tara suna turi tayoyi ba za su juya injin ba. Wasu motocin zamanin da, masu famfo na biyu a baya, sukan tashi da turi, amma an daɗe da daina irin su. Maganin mataccen batir waya ce daga wani batir, ko a sauya shi.

Ja kuma, tayoyi na juya kayan cikin giyar alhali babu mai da ke zagayawa. In ɗan nisa ne kuma a hankali, galibi ana tsira. Littattafan motoci kan faɗi iyaka, na Volkswagen da dama sun ce kada a wuce gudun kilomita 50 a awa, kada nisan ya wuce kilomita 50, wasu kamfanonin kuma sun hana gaba ɗaya. Ba ka faɗa mini nisan da kuka yi ba. Ku duba launin man da ƙanshinsa, ku saurari ko ta fara kuka ko jinkirin shiga giya. Nan gaba a nemi janwe, wato motar jan motoci: in tayoyin gaba ne ke ja a ɗaga gaba, in na baya ne a ɗaga baya, in duka huɗun ne a ɗora ta bisa bayan mota ɗungurungum.

Abin da mutumin nan ya danna ba sihiri ba ne. Akwai 'yar sakata ta lantarki da ke hana sanda barin P sai an kunna makulli an taka birki. In babu wuta ba za ta buɗe ba, shi ya sa aka yi wani ɗan rami ko maɓalli kusa da sandar, sau da yawa da ɗan murfi, a wasu motocin an rubuta Shift Lock a kai. A ja birkin hannu tukuna, a zura makulli a danna, sanda ta fita. In kuma batir lafiya lau amma ta ƙi fita, a sa wani ya duba ko fitilar birki na kamawa. In ba ta kamawa, fiyus ne ko ɗan makunnin da ke saman feda, ba giya ba, kada wani ya sa ku sauke giyabos. Haka in mota ta ƙi yin kik alhali fitilu na haske: a P ko N kaɗai aka yarda ta tashi, a girgiza sandar a P, in ta ƙi a gwada N.

Tambaya: Akwai wani ɗan maɓalli a jikin sandar tsohuwar Toyota ɗina, in na danna sai O/D OFF ta haska. Wani ya ce ƙarin ƙarfi ne, tun daga nan na bar ta a kunne. Sabuwar motar ɗana kuma S gare ta da alamar tarawa da ta ɗebewa. Mene ne amfaninsu?
Daga wani dattijo mai ritaya

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, a sake danna maɓallin nan fitilar ta mutu. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, giya ta sama yake cirewa. Motarka mai giya huɗu ce, ta huɗun ita ce ta hutun injin a kan doguwar hanya. In fitilar na haske, ka hana ta shiga, kana tafiya da uku, daidai da wanda ya saka 3 a wata motar. Na tabbata ka lura da injin na ƙara da kuma yawan zuwa gidan mai. Yana da ranarsa: gangara, jan kaya, ko hawan da za ka ji motar na ta shiga huɗu tana fita ta rasa inda za ta zauna. In kuwa wata rana ka ga fitilar na ƙyaftawa da kanta, wannan ƙorafi ne, giyar na cewa a kai ta a sa mata kwamfuta. A tsofaffin Honda fitilar D4 ce ke yin wannan ƙyaftawar.

S ɗin ɗanka a yawancin motoci tana sa giya ta daɗe a kan kowace lamba kafin ta hau, mota ta yi zafin nama, ta kuma sha mai. Tarawa da ɗebewar na canza giya da hannu ne ba tare da kuloci ba, kuma ɗebewar ita ce madadin 3 da 2 da L a gangara. Don wuce wata motar kuwa, ba sai an taɓa komai ba. A danne totur har ƙasa, giyar za ta sauko da kanta lamba ɗaya ko biyu, motar ta zabura.

Tambaya: In ina juya mota a matsattsen wuri nakan jefa D tun tana ɗan komawa baya, don sauri. Kwanan nan in na saka R da safe sai ta yi jim kafin ta shiga, ta shiga da ɗan duka. Akwai alaƙa?
Daga wani matashi

Amsa: Akwai yiwuwar haka, ƙanena. Duk ranar da ka jefa D mota na komawa baya, kulocin cikin giyar ka sa ya yi aikin birki. Takalmin birki cire taya kawai ake yi a sauya shi, wancan kuwa sai an sauke giyabos an farke shi. Taka birki ta tsaya cak, sannan ka canza. Ko a yashi ko taɓo ka maƙale kana son ka yi ta gaba da baya, bari tayoyin su daina juyawa kafin kowane canji, kuma in ka gwada kaɗan ba ta fita ba ka nemi masu turi.

Jinkirin nan kuma, fara da duba mai. A yawancin Toyota masu geji ana dubawa ne injin na aiki, ya yi zafi, mota a wuri mai daidai, bayan an zagaya da sanda kowane harafi an dawo P. A Honda kuwa kashe injin ake yi sannan a duba nan take. Sababbi da yawa ba su da gejin ma, sai a gareji. In ya ragu, a nemo inda yake yoyo, a ƙara irin wanda littafin motar ya ambata, don Dexron da WS na Toyota da DW-1 na Honda da man giyar CVT, wani nau'in otomatik na daban, ba ɗaya ba ne, ko da launinsu ya yi kama. Ka ɗiga shi a farar takarda ka shinshina. In ja ne garau, da sauran dama. In ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna, kada ka jira fitowa ta gaba ka sake rubuto mini, kai ta gareji cikin satin nan.